Aikin auna hanyar rumbun sabobinmu a Jidda

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wannan rubutun don in riƙa ajiye abin da nayi da ranar da nayi shi, saboda aikin zai ɗau makonni kuma so nake kafin azumi ya kama mun gano inda matsalar take.

Shirkar da nake wa aiki a nan Jidda hidimar masu Umara take yi, bas-bas da ɗakunan otal a Makka da Madina, mafi yawan baƙinmu daga Najeriya da Nijar da Chadi suke zuwa. Sabobi uku gare mu, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da aikin shirkar, masu manhajar ESXi 7, a cikinsu akwai VM 26, wato kwamfutoci 26 da ba za ka iya taɓa su da hannu ba, manhaja ce kawai take yanka musu ƙarfin sabar. To duk cikin su babu wadda faifanta yake jikin sabar, gaba ɗaya suna kan akwati guda ne a ƙasan rak wanda muke ce wa rumbu, kuma ta waya ake zuwa wajensa, iSCSI ne, a kan suwic biyu, kowace waya gigabit 1. Windows ɗin da ke cikin VM shi a ganinsa faifan a jikinsa yake, bai san duk fayil ɗin da ya buɗe sai an bi waya an je an ɗebo ba. Gigabit 1 in ka raba da 8 megabait 125 ne a sakan, a lissafin takarda kenan, a aikace wajen 110 zuwa 117 za ka samu, SSD ɗin da ke cikin laftof ɗina ma ya ninka wannan sau huɗu.

Kukan da ake yi shi ne da safe tsakanin ƙarfe 8 zuwa 8 da rabi, manhajar ajiyar ɗakuna da ta fatura sai su daskare, minti ɗaya, minti biyu, su saki, su sake kamewa. Wanda abin ya fi ci wa rai Baba ne na ɓangaren akawu, dattijo haifaffen Makka, kakanninsa ne suka zo aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina suka zauna. Ɗazu ya tare ni a bakin ɗakin saba yace "muhandis (wato injiniya), ɗana, abin nan kunyata ni yake gaban baƙi, mutum na tsaye da kuɗinsa ni ina kallon allo kamar ban san aikina ba." Kuma da gaskiyarsa, tun 4 ga Disamba 2021 da ZATCA, hukumar zakka da haraji ta Saudiyya, ta wajabta fatura ta lantarki babu halin ya ɗau biro ya rubuta da hannu kamar da.

Alhaji mai shirkar da farko yace intanet ne, aka ƙara kuɗin layi, babu abin da ya canza. Yanzu kuma wani dillalin kaya ya kawo takardar sabon rumbu da kuɗin da zai sayi mota sabuwa fil. Nace Alhaji dan Allah a bani sati shida in auna tukunna, don a yanzu babu wanda zai iya faɗa maka nawa ne ke bi ta wayoyin nan, har da ni. Ya yarda.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kunna SNMP, hanyar da ake tambayar suwic lambobinsa, a suwic ɗin biyu, na ɗora Cacti, manhajar da ke karanta lambobin tana zana su, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da na samo a sito. Da gangan na ƙi yi mata VM, don in mai gadin yana kwana cikin ɗakin da ake sata to ranar da rumbu ya tsaya shi ma tsayawa zai yi, daidai lokacin da nake buƙatar ya bani labari.

Abin da ya cinye mana daren jiya shi ne gano wace waya ce ta shiga ina. Takardun da ke manne a jikin kebul ɗin rabin su sun goge, wasu kuma ƙarya suke faɗa. Ni da ƙanena a wajen aiki, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno can kusa da Sinnar, muka tsaya bayan Isha, shi yana bayan rak da fitilar waya a baki yana bin kebul da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ni ina gaba da littafi. Sai yace "Yaya shuɗiyar nan da aka rubuta firinta a jikinta, rumbu fa ta shiga." Haka muka yi ta yi har wajen sha biyu, sanyin na'urar ɗakin duk ya sandarar mana da yatsu. Yanzu dai kowace ƙofa ta suwic tana da suna a ciki da waje. Rumbun kai biyu gare shi, A da B, kowane kai ƙofa biyu, ɗaya ta tafi suwic na sama ɗaya na ƙasa. A takarda tsari mai kyau ne.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kwana huɗu ina tara zane, kuma zanen ya bani mamaki, don babu ƙofar da ta taɓa wuce megabit 114, ko da dare lokacin bakof, wato kwafe bayanai don ajiya, da na tabbata ana jan kaya da yawa. Layin sai ya hau ya faɗo ya hau kamar haƙoran zarto amma akwai wani rufi da baya tsallakewa. Da na kai wa Alhaji wannan hoton da shikenan an wanke netwok, ace ai ko kashi 12 cikin ɗari ba a ci ba, a sayi sabon rumbu.

Lambar 114 ɗin ce ta tsaya min a rai sai na zauna na buga lissafi. Suwic ba ya faɗa maka gudun da ake yi, mita kawai gare shi mai ƙirga bait nawa suka wuce tun da aka kunna shi, Cacti ne yake zuwa duk minti 5 ya karanta ya ɗebe na baya. Tsohuwar mitar, ifInOctets, mai bit 32 ce, in ta kai 4,294,967,296 sai ta koma sifili, irin mitar kilomita ta tsohuwar mota da ke juyewa bayan 99,999. A kan wayar gigabit da ta cika, cikin sakan 34 kacal take zagayowa. To kai da kake zuwa duk sakan 300, ta zagayo sau takwas a bayanka baka sani ba, ragowar kawai kake gani. Ka ɗau lambar can ka ninka da 8 ka raba da 300, megabit 114 da rabi zai baka, rufin nan kenan daidai.

Maganin shi ne mita mai bit 64, ifHCInOctets, wadda ba ta aiki da SNMP na ɗaya sai v2c ko v3. Ba sabon abu bane ma, RFC 2863 tun shekarar 2000 ta ce duk ƙofar da ta wuce megabit 20 dole ta samu irin wannan mitar. Na goge zanukan gaba ɗaya na sake su da zaɓin bit 64. Kwana huɗun farko sun tafi, amma gara da aka gano yanzu.

Laraba, 15 ga Janairu

Yanzu lambobin gaskiya ne amma har yanzu ba su yi daidai da kukan mutane ba. Yau da safe 8:10 Baba ya aiko yaro a kira ni, na je na tsaya a bayansa na gani da idona, ya danna ajiye fatura, alamar jira tana ta juyawa, na ƙirga sakan 50 a agogona kafin ta wuce. Na koma na duba zane, mafi tsawon layi bai kai megabit 400 ba a wannan lokacin.

Matsakaici ne yake ɓoye abin. Duk wanda ya taɓa sauka a otal ɗin kusa da Harami ya san lif bayan sallar Asuba, minti goma sha biyar mutane sun cika harabar ana turereniya tsofaffi na neman wajen zama, sauran yinin kuma lif ɗin na hawa da sauka da mutum biyu. In ka raba mutanen da awa 24 sai kace lif ya wadata. Haka wayar take. A ce ta cika taf da megabit 940 na sakan 60, sannan ta sauka 100 na sauran sakan 240, abin da zanen minti 5 zai nuna maka 268 ne, wato kamar babu komai, alhali a cikin minti ɗayan nan ne Baba yake jin kunya gaban baƙo.

vCenter, manhajar da muke kula da sabobin da ita, shi ma haka yake yi, na kai tsaye duk sakan 20 yake ɗauka amma awa ɗaya kawai yake riƙewa, daga nan ya dunƙule su zuwa minti 5 na kwana guda, minti 30 na sati, awa 2 na wata. In aka kawo maka ƙara da azahar kan abin da ya faru da safe to shaidar ta riga ta narke.

Don haka abu biyu nayi. Na rubuta ɗan sikirif da ke karanta mitar ƙofofi huɗu na rumbu da ƙofofi shida na sabobin duk sakan 10 yana zubawa a fayil. Sannan a kowace saba na saka esxtop, ma'aunin da ke cikin ESXi, ya riƙa rubutawa da kansa da safe, esxtop -b -d 5 -n 720, wato duk sakan 5 har sau 720, awa ɗaya cif. Fayil ɗin da yake fitarwa ƙato ne sosai, kada ka ajiye shi a kan rumbun da kake bincike.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gajeren abu amma a rubuta shi. Fayil ɗin esxtop ya nuna tashin hankali ƙarfe 5:10 na asuba, sikirif ɗina kuma ya nuna 8:10. ESXi da agogon UTC yake aiki ko ina yake a duniya, mu kuma Saudiyya muna gaba da awa 3. Abu ɗaya ne. Na rubuta "+3" da maka a jikin allon ɗakin saba.

Talata, 21 ga Janairu

Alhamdulillah yau an ga abin.

A esxtop in ka danna u yana nuna maka faifai, akwai layin DAVG, wato milisakan nawa ake jira tun daga fitar umarni daga sabar har rumbu ya amsa. A lokacin lafiya namu 4 zuwa 7 ne. Masu aikin nan sukan ce in ya zauna sama da 20 ko 25 to akwai magana. Namu a lokacin daskarewa yana kaiwa 150, har na ga 210 sau ɗaya. Amma in ka danna n ka duba katin netwok na kowace saba, babu wanda ya cika, wannan 280, wancan 190, ta ukun da ke ɗauke da bakof 470. Kowace saba in ka tambaye ta ita kaɗai cewa za ta yi hanyata a buɗe take, laifin rumbu ne. Nan ne dillalin ya tsaya da nasa binciken, kuma ban ga laifinsa sosai ba don abin da ake gani kenan daga cikin saba.

Sai ka tara su. 280 da 190 da 470, 940 kenan. Na buɗe fayil ɗin sikirif na duba ƙofa ta 23 a suwic na sama, wadda kan A na rumbu yake ciki, layin ya miƙe ɗoɗar a 940 kamar an ja shi da rula, na sakan 40, na sakan 70, ya ɗan sauka ya koma. Sauran ƙofofin rumbun guda uku kuwa kusan barci suke, megabit 2, 3. Bas uku ne suke sauke mutane a ƙofa ɗaya, ga wasu ƙofofi uku a rufe.

Wani abu da ya ɗan rikita ƙanena, a zanen ƙofa ta 23 layin "shiga" ne ya cika ba na "fita" ba. Suwic daga nasa ɓangaren yake magana, in VM na karanta fayil to kayan daga rumbu suke shigowa cikin suwic ɗin.

Dalilin kuwa, duka LUN ɗinmu biyu, wato yankunan rumbun da sabobi ke gani kamar faifai, a hannun kan A suke, kuma tsarin zaɓen hanya a ESXi yana kan MRU, ma'ana ka kama hanya ɗaya ka riƙe ta har sai ta mutu. Duk sabobin uku kuma hanya guda suka kama.

Juma'a, 24 ga Janairu

Niyyata yau da safe tunda ofis babu kowa in mayar da su Round Robin, su riƙa amfani da hanyoyin bi da bi. Har na buɗe taga zan fara sai ƙanena yace "Yaya, hanyar ƙasan nan da ba a taɓa bi ba, mun tabbata tana da lafiya kuwa?" Wallahi Allah ne ya sa ya faɗa.

Sabobin da rumbun duk an saita su a MTU 9000, manyan fakiti kenan maimakon 1500 na kullum. Gwajin shi ne vmkping -I vmk2 -d -s 8972 sai adireshin rumbu. 8972 ɗin 9000 ne aka cire 20 na kan IP da 8 na ICMP, -d ɗin kuma cewa yake kar a yanka fakitin a hanya. Ta suwic na sama ya wuce lafiya. Ta na ƙasa shiru, ko ɗaya bai dawo ba. Ƙaramin fakiti yana wucewa, shi ya sa a vCenter hanyar take nuna kore kamar lafiya lau, amma suwic ɗin na ƙasa yana nan a 1500, da alama an taɓa canza shi ne bayan wanda ya lalace ba a saita shi ba.

Na zauna shiru na ɗan lokaci, don ma'anar wannan ita ce shekara da shekaru muna cewa muna da hanya biyu ashe ɗaya ce. Da suwic na sama ya mutu wata rana a tsakiyar azumi, da sabobin sun koma ta ƙasa, su gaisa da rumbu lafiya, da an zo ɗaukar kaya kuma komai ya tsaya cak. Kuma da na kunna Round Robin ɗazu ba gwaji da ni da hannuna zan jefa rabin zirga-zirgar cikin wannan ramin.

Mun gyara MTU ɗin, suwic ɗin ya buƙaci a sake kunna shi, muka gwada kowace vmk, wato ƙofar netwok ta ESXi, zuwa kowace ƙofar rumbu ɗaya bayan ɗaya, duk suka amsa. Sai muka tafi masallaci. Bayan Juma'a na mayar da hanyoyin Round Robin. Shi a asalinsa sai ya aika umarni 1000 ta hanya ɗaya kafin ya koma ɗayar, na duba takardar masu rumbun sun ce a mai da shi 1, nayi hakan da esxcli. LUN na biyu kuma na miƙa shi ga kan B. Yanzu fitilun ƙofofi huɗun duk suna ƙiftawa tare.

Talata, 28 ga Janairu

Kwana uku na aiki babu wanda ya aiko a kira ni. DAVG da safe ya sauko 12 zuwa 18. Baba ya kawo min shayi da kansa har ɗakin saba yace "Allah ya yi maka albarka ɗana." Na ji daɗi ƙwarai, amma nace masa Baba da saura, don 18 ɗin ma bai kwanta min ba, kuma tambayar da ban amsa ba ita ce me ya sa bakof da aka saita 11 na dare yake nan yana ja har 8 na safe.

A esxtop in ka danna v yana jera VM da abin da kowacce ke karantawa, daga nan na bi sawu har rahoton manhajar bakof. Sabar fayil ɗin da muke zuba hotunan fasfo da biza da takardun otal ce, terabait 2, kuma kullum daren Allah ana karance ta gaba ɗaya. A megabait 60 a sakan terabait 2 awa tara da 'yan mintuna ne, daga 11 na dare ka ƙirga ka gani inda zai kai ka, daidai lokacin da mutane ke zama a kujerunsu. Ya kamata ace CBT na aiki, wato rajistar da ESXi ke riƙewa ta wuraren da suka canza a faifai don a kwashi su kaɗai. To CBT ba ya kunnuwa in VM na da sinafshot a kanta, wato hoton halin faifanta na wani lokaci da ake ajiyewa don a iya komawa, ita kuma wannan akwai wani da ɗan kwangilar da ya riƙe wajen kafin ni ya ɗauka wata 14 da suka wuce ya manta. Gargaɗin yana cikin rahoton kullum da rawaya, amma tunda ƙarshen layin yana cewa an gama babu mai buɗewa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Goge sinafshot ɗin nan shi ne abin da na fi jin tsoro a duk aikin. Fayil ɗin canje-canjen ya kai gigabait 640, kuma gogewa na nufin a mayar da duk wannan cikin asalin faifan, karatu da rubutu duk ta wayoyin nan. Na tabbatar bakof na daren Laraba yana buɗuwa, na dakatar da na Alhamis, na sanar da ofishin Makka kada kowa ya taɓa sabar fayil, na danna 10 na dare.

Wannan karon ina da ido. Ina kallon ƙofofin kan A biyu suna ɗauke da wajen 400 kowacce, DAVG na yawo a 20. Wajen 3 na dare ma'aunin vCenter ya kai kashi 99 ya tsaya, minti 20, minti 40, baya motsi. Ƙanena ya kasa zama yana ta zagaye yace "Yaya ko dai ya maƙale ne mu soke?" Nace kar ka taɓa, zo ka ga, na nuna masa zanen sakan 10, kaya na nan na wucewa ba su tsaya ba, lambar ce kawai ta tsaya. Soke irin wannan aikin a tsakiya shi ke lalata faifai. Da babu zanen nan ni kaina ban san ko zan iya daurewa ba. Muka fita sallar Asuba a masallacin bayan layinmu, muka biya muka sayi tamis da ful, muna dawowa muka tarar ya gama.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bakof na sabar fayil yanzu minti 25 yake ɗauka. Jiya Talata ta biyu ce a wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyaren Windows, wanda a agogonmu 9 na dare yake zuwa a wannan lokacin na shekara. Na raba VM ɗin rukuni uku da tazarar awa ɗaya-ɗaya, binciken riga-kafin bairos ma na warwatsa shi a ranaku daban maimakon duk su taso lokaci guda. Mafi yawan da na gani a ƙofa ɗaya 610 ne na ƙasa da minti biyu. Na saka ƙararrawa zuwa Telegram ɗina, in ƙofar rumbu ta wuce kashi 70 na minti 3, ko mitar fakitin da suwic ya zubar, ifOutDiscards, ta fara hawa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na zauna da Alhaji. Ban kai masa lambobi da yawa ba, hoto biyu kawai na buga a takarda, ƙofa ta 23 ranar 21 ga Janairu da ita ɗin dai a jiya, awa ɗaya, ma'auni ɗaya. Ya daɗe yana kallo sannan yace "to muhandis rumbun fa?" Nace Alhaji rumbun lafiyarsa ƙalau, bana ba ma buƙatar sabo. Amma na gaya masa gaskiya cewa gigabit 1 ta kusa ƙure mana, in shirka ta ƙara girma hanyoyi huɗun ma za su cika, abin da ya kamata a yi tanadi shi ne katuna da suwic masu gigabit 10. Kuma tallafin vSphere 7, wato ESXi da vCenter ɗinmu, zai ƙare 2 ga Oktoba na bana, dole ne dama a zauna kan maganar sabobin, gara a haɗa lissafin wuri ɗaya bayan Hajji. Yace in rubuto masa kafin Shawwal.

Abin da har yanzu ban iya gani ba shi ne wace VM ce ke cin nawa a tsawon sati, don daga suwic duk zirga-zirgar iSCSI da sunan sabar take fitowa ba da sunan VM ba. Sai dai in riƙa jan lambobin faifai daga vCenter duk sakan 20 ina ajiyewa da kaina kafin ya dunƙule su. Na fara karanta yadda ake yi, ina tunanin zuba su a manhajar zane ta Grafana.

Litinin, 3 ga Maris, 3 ga Ramadan

Azumi ya kama ranar Asabar, kuma daren farko ƙararrawar ta tashe ni 11:20. Duk awon da nayi na sati bakwai na lokacin aikin safe ne, a Ramadan kuwa garin juyewa yake, ofis da rana awa 6 ne kuma kusan shiru, aikin gaske sai bayan Tarawihi, wakilan Makka da Madina na ta shigar da sunaye, jirage na sauka, ana raba ɗakuna har sahur. Bakof ɗin 11 na dare da na gama murnar gyarawa sai ga shi ya faɗo tsakiyar kasuwa. Bai kai ga daskarewa ba, ƙofa ɗaya ce ta taɓa kashi 78, DAVG 22, amma a goman ƙarshe baƙi ninkuwa suke yi.

Na duba zanen kwana biyun nan, wajen da ya fi kowane shiru shi ne daga bayan Asuba zuwa wajen 10 na safe. Na mayar da bakof 6:30 na safe har zuwa bayan Sallah, na rubuta a kalanda in dawo da shi. Yau ya fara 6:30 ya gama 7:40 duka VM 26, babu ƙofar da ta wuce 520.

Ƙanena zai riƙe waya daga Tarawihi zuwa 1 na dare, ni daga 1 zuwa sahur. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙara ƙofofin suwic na ofishin Makka a cikin sikirif ɗin, Baba yace a can ma sun fara cewa fatura na jinkiri bayan la'asar.